Yadda Hassumi Ya Kai Tuwona Rairayin Giza

Ranar da Hassumi ya turo motar nan cikin lungunmu na Darrasa a Alƙahira, sai da mai gasa dankalin bakin masallaci ya bar dankalinsa ya ƙone don kallo. Wata 'yar aba ce fara, ba ƙofa, ba taga, rufinta kamar faifai, tayoyinta kowace ba ta fi murfin tukunyata ba. Irin wadda masu kuɗi ke hawa a filin golf su bi ƙwallon da su da kansu suka buga. Tun da aka yi sawra, wato juyin juya hali, baƙi suka ɗauke ƙafa daga Masar, sai wani otal ya karye ya fito da kayansa kasuwa, daga gadaje har cokula. Masu hankali suka sayi gadaje. Hassumi ya sayi wannan.

Hassumi mutumin Nijar ne, yana sarin turare da abaya a kasuwar Ataba yana aikawa Yamai, ɗakinsa kuma yana can saman benenmu kusa da akurkin tantabaru. In ka ba shi kunne zai ce maka ya tsufa yana tuƙa babbar mota daga Agadas zuwa Dirku. Waɗanda suka san shi tun gida sun ce sau ɗaya ya bi hanyar, a saman buhunan dabino, yana amai har aka isa.

Ni kuwa Husaina ce, matar marigayi Malam Haruna. Da Malam ya rasu 'yan'uwa suka ce in koma Haɗeja, na ce ban ga dama ba. Na kafa tukunya, ɗalibanmu na gida suka samu inda za su ci tuwo da miyar kuka su huta da wake da burodi.

Na leƙo ta taga na ce, "Hassumi, keken guragu ka sayo?"

Ya ce, "Hajiya, ki iya bakinki. Wannan da kike gani jirgin sahara ce, ba ta dai san kanta ba tukuna. In na ɗaga ta, na sa mata ƙafafu, za ta hau rairayin bayan dalar Giza ta sauka kamar ƙadangare. Masu raƙuma duk sai sun koma tallan shayi."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a," na ja tagata.

Da ma maganar ta tsaya nan. To, a makon ne Ustaz Zainulabidin, shugaban ƙungiyar ɗalibai, ya zo ya zauna a kan tabarmata yana ta gyara hula. Walimar waɗanda suka gama karatu ta matso, bana kuma wai a cikin rairayin Giza za a kafa rumfa, don a ɗauki hoto da dala a baya. Tun ina da sauran haƙora duka ni ke girkin ƙungiyar nan. Amma akwai wata Bakhita, Bahausar Sudan, da ta daɗe tana aika wa 'yan kwamiti asida, tuwonsu na can, kyauta, har kan kwamiti ya rabu biyu.

Ya ce, "Mama, ma'alish, ki yi haƙuri, ba ra'ayina ba ne. An yanke ku biyun ku zo da abinci. In an sallame azahar, wadda abincinta ya riga shiga faranti, ita ke da girkin ƙungiya daga yanzu."

Girkin ƙungiya shi ne ginshiƙin tukunyata. In ya kuɓuce, sauran ciniki ba zai riƙe ni a Alƙahira ba.

Washegari na tafi Giza wurin masu raƙuma, tunda tasi ba ta shiga yashi. Farashin da suka faɗa mini na ɗaukar tukwane, sai da na tambaya ko har da raƙumin za a bar mini. Na taya, suka yi dariya. Na juya na tafi a hankali, irin tafiyar da ko a Ataba sai an kira ni. Ba wanda ya kira. Na dawo na sake tafiya. Wani ma ya nuna mini hanyar mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. Ashe Bakhita ta riga ta kama raƙuminta tun tuni.

Ina shigowa gida rai a ɓace, sai ga Hassumi a matakala da spana a hannu.

"Hajiya, ni zan kai ki. Ko sisi ba na so. Ki dai bari ɗalibai su ga jirgin, su ba da labari."

Kyauta ce ta cuce ni. Ni da ban taɓa yarda da farashin farko ba, aka ce mini ba farashi, sai hankalina ya tafi kiwo.

Bawwab ɗin gidanmu, wato mai gadi, Ammu Hasan, ya ce ba a yi masa garejin kanikanci a bakin ƙofa. Sai Hassumi ya kwance motar gunduwa-gunduwa ya ce a saman bene zai haɗa ta. Ya ari kwandon nan da matan gidan ke zurowa da igiya daga baranda su sayi tumatir, ya dinga jan ƙarafa sama. Kujera ta hau lafiya. Sitiyari ya hau lafiya. Da aka zo kan tayar mikrobas, irin huɗun da ya sayo a wurin 'yan gwangwan, gindin kwando ya ɓalle. Tayar ta faɗo, ta yi tsalle ta haye teburin masu shan shisha, ta gangara har bakin titi, mutane na ba ta hanya kamar gawa.

Masu shisha suka ɗaga kai suna zagi. Hassumi ya leƙo ya ce, "Kun ga gudunta? Ita kaɗai ke nan fa, ba a ma haɗa ta da inji ba!"

Tayoyin sun ƙi shiga mazauninsu, sai ya kira mai walda suka yanke duk abin da ya tare hanya. A cikin abin da ya tare hanya har da birki.

Na ce, "Kai, na ga an jefar da wani ƙarfe mai waya."

"Birki ne, Hajiya. Na birni ne. A sahara rairayi shi ne birki."

"In babu rairayi fa?"

"In babu rairayi me ya kai ki can?"

Ya ƙara batura a ƙarƙashin kujera har kujerar ta yi tozo. Ya rataya jarkoki a gefe da gefe, ya ɗaura salka, ya sa hon ɗin babbar mota, ya rubuta wani abu da jan fenti a gaba, ɗalibai suka ce wai Sarauniyar Tenere, hamadar nan ta ƙasarsu Hassumi. Da ya jona baturan a wuta, gidan gaba ɗaya ya yi ɗif. Shekarar ce ta yawan ɗauke wuta, don haka kowa ya fito baranda yana fifita yana la'antar masu lantarki. Sai matar Ammu Hasan ta lura duk maƙwabta na da wuta, mu kaɗai ne a zafi, ga kuma wata baƙar waya ta sauko daga sama tana hayaƙi. Ta hau da muciya. Abin da ya faru a can ban gani ba, na dai ji tantabaru sun tashi gaba ɗaya.

Ranar gwaji ya ce kowa ya hau ya gani. Muka hau. Ya naɗa rawani irin na Buzaye, ido kaɗai a waje, ya taka totur. Motar ta zabura ta kwashe kwanukan dish ɗin gidan tun daga na farko har na ƙarshe, ta tsaya a cikin tulin yashin ginin da mai gida ya bari. Daga ƙasa muka ji ihun mata, ana tsakiyar wasan kwaikwayon da suke bi hoto ya ɗauke.

Ya sauko yana kakkaɓe riga. "Me na ce miki? Rairayi shi ne birki."

Sai a nan Ammu Hasan ya yi tambayar da ba wanda ya yi. Ya ce, "Ya Hajj, yanzu ta ina za ta sauka?"

Hassumi ya dubi matakala, ya dubi motar da ta yi faɗi kamar gadon amarya. Ya ce da ma yana sane.

Aka kira masu wansh, injin nan mai dogon tsani da ake sauke kayan ɗaki da shi ta baranda. Hassumi ya ƙi yarda a sauke ta ba direba. Ya zauna a kan sitiyari, ana zuro shi daga sama yana danna hon yana ɗaga wa jama'a hannu. Kowane hawa ya wuce sai jarkokin sun kwashi shanya. Ya iso ƙasa da zanen gado a wuya, da wandon Ammu Hasan a kan rufi kamar tuta.

Ranar walima na tashi da tuwon shinkafa malmala-malmala a cikin kula, da tukunyar miyar kuka wadda ta ji man shanu da naman rago. A-kori-kura ta kwashe mu, da mu da Sarauniya, ta sauke mu a inda kwalta ta ƙare. Can nesa ga rumfa, ga ɗalibai cikin fararen jallabiyoyi, ga raƙumin Bakhita har ya yi nisa da tukwanenta suna rangaji.

Na ce, "Yalla, Hassumi, rana na yi."

"Haƙuri, Hajiya. Sahara ba ta son gaggawa."

Ya bi tayoyi ya sassauta musu iska. Sannan ya ɗauko buhunan algarara ya naɗe baturan, ya kwance salka ya tuttula musu ruwa sharkaf.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

"Haka muke sanyaya jarka a Tenere. Jiƙaƙƙen buhu, iska ta buga, ruwa ya yi sanyi kamar randa. Abin da ya sanyaya ruwa zai sanyaya batir."

Na hau kujerar baya, kula a ƙarƙashin ƙafafuna, tukunyar miya a cinya na rungume ta. Muka tashi. Wallahi da farko ta yi tafiya, har na fara tunanin irin kallon da zan yi wa Bakhita. Masu dawaki suka biyo mu suna fito. Hassumi ya danna musu hon, wani doki ya watsar da Baturen da ke kansa.

Muna dab da rumfa, inda har ina jin liman na cewa a daidaita sahu, sai tayoyin baya suka nutse. Motar ta yi ta haƙa, tana watsa mini yashi a baya, na kife gyalena a kan murfin miya.

Hassumi ya ce, "Alhamdu lillahi! Yanzu za ki ga aikin direba."

Ya warware rawaninsa ya ɗaure sitiyari da shi a jikin ƙarfen rufi, wai don ta tafi sak. Ya ɗora dutse a kan totur. Ya diro da wasu farantan ƙarfe na gasa burodi da ya aro a gidan burodin lungunmu, ya durƙusa ya cusa su a ƙarƙashin tayoyi.

Abin da ya manta, a Tenere mai cusa ƙarfe daban, direba daban.

Tayoyi suka kama. Motar ta yi tsalle ta fice, ta bar shi a durƙushe, kai ba rawani, sanƙo na sheƙi.

"Hajiya, ture dutsen!"

Na miƙa ƙafa na ture. Ba ta tsaya ba.

"Murɗa makulli!"

Na saki hannu ɗaya na murɗa, makullin ma ya fito a hannuna. Ba ta tsaya ba. Ƙarƙashin kujera sai tartsatsi da ƙaurin buhu, ruwan nan ya haɗa abin da Bature ya raba.

"Taka birki!" in ji wani ɗalibi daga cikin sahu.

Na ce, "Yana saman bene a Darrasa!"

Allah ya taimake ni da abu ɗaya: ɗaurin Hassumi karkatacce ne. Maimakon ta tafi sak, sai ta kama kewaya rumfar. Liman ya ta da kabbara ina gabas, ya yi ruku'u ina arewa, ya ɗago ina bayansu. Ban taɓa ganin sahun da idanunsa ke yawo kamar wannan ba. Hassumi na biye da ni a guje, takalmi ɗaya, yana ihu, "Kada kowa ya taɓa ta! Gwaji ne!"

Wani mai doki, Hussain suke kiransa, ya sukwano ya jera da ni. Ya shaƙi ƙamshi ya ce, "Ya Hajja, in ɗauke ki? Ki ba ni naman tukunyar nan duka."

Na ce, "Tsoka biyu."

Ya ce, "Za ki mutu fa!"

Na ce, "To in na mutu ko ɗaya ba ka samu ba."

Dokinsa ya gaji ya tsaya. Da na sake zagayowa ya ce rabi. Na ce tsoka ɗaya da malmala.

"Ɗazu biyu kika ce!"

"Ɗazu ban saba ba."

Ana cikin haka na ji assalamu alaikum wa rahmatullah. An sallame. Na hango Bakhita ta durƙusar da raƙuminta tana kwance igiyar tukwane, ba ta ko sauri, har da gyara mayafi. Ustaz Zainulabidin ya dube ni ina wucewa, ya buɗe hannuwa kamar mai ba da haƙuri, ya juya wajenta.

Nan na ji wani abu ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na danne tukunya da gwiwoyi, na buɗe kula da yatsun ƙafa, na zaro ludayi daga ƙugu.

Na ce, "Zainulabidin! Cewa kuka yi wanda ya riga shiga faranti, ko cewa kuka yi sai mai abinci ta tsaya?"

Ya bi ni da kallo har na ɓace bayan rumfa. Da na ɓullo ta ɗaya gefen ya ce, "Faranti aka ce, Mama!"

"To ku jeru! Kowa ya miƙo nasa!"

Ɗalibi da yunwa ba a yi masa bayani sau biyu. Suka yi layi a bakin hanyata, faranti a gaba. Zagaye ɗaya in jefa malmala, zagaye na biyu in zuba miya. Na farko ya samu a faranti. Na biyu ya samu a aljihu. Wani dogo mai digiri a nahawu ya tare tasa malmalar da hula. Kafin zagaye kaɗan hannuna ya faɗa, har ina tambayar mutum ƙashi yake so ko tsoka, in ya yi nawa wajen amsa sai ya jira in dawo.

Bakhita ta ɗaga murya ta ce, "Ya jama'a, wannan ba tsari ba ne! Ga abinci a zaune, mai mutunci!"

Wani ya amsa mata da baki cike, "Khalas, ya Hajja, an riga an yi bisimilla."

Shi kuwa Hassumi, da ya ga ana ci ana dariya, sai ya daina gudu. Ya hau kan wata kujera yana haki, ya ce, "Jama'a, kun gani da idonku! Da gangan na tsara ta haka. Mota mai raba abinci da kanta, babu irinta daga nan har Faransa. Masu biki, masu suna, ku yi mini magana bayan an tashi."

Ustaz Zainulabidin ya ce, "To tsayar da ita, Mama ta sauka."

"Sauƙi ne."

Lokacin ta fara gajiya, tafiyarta ba ta fi ta jaki ba. Na miƙa wa ɗalibai kula da tukunya, na tattara zanena na sauko da ƙafafuna, ban yarda kowa ya riƙe ni ba. Hassumi ya tako a hankali don kowa ya gani, ya kama bakin rawaninsa ya fizge.

Sitiyari ya miƙe. Motar kuma ta ji an sauke mata ni da tuwon mutum ɗari. Ta yi wata ƙara, ta zabura, ta shige tsakiyar rumfa ta fita ta baya da igiya a wuya. Rumfar ta bi ta. Kujeru suka watse, lasifika ta bi sahu, allon da aka rubuta sunayen masu walima ya tafi yana daka tsalle. Jelar rawanin ta naɗe a hannun Hassumi, ta ja shi a kan ciki har ya yi wa rairayi kunya guda, sannan ya samu ya saki. Ya miƙe, baki cike da yashi, ya bi ta yana kiran ta da suna. Muka tsaya a rana tsirara, faranti a hannu, muna kallon rumfa na hawa tudu, Hassumi a baya, masu raƙuma na tafa masa.

Ustaz Zainulabidin ya lashe yatsunsa ya share murya. Ya ce, "Kwamiti ya gani. Girki na Mama ne. Amma don Allah, Mama, baɗi a zaune."

Na ce, "Ku kafa rumfa inda tasi ke zuwa, ku ga zama."

Hussain mai doki ya matso wai a ba shi tsokarsa. Na ce aikin me ya yi? Ya ce rakiya. Na ba shi ƙashi.

Ina kankare tukunya sai na ga inuwa a kaina. Bakhita ce, tukwanenta ko buɗe su ba a yi ba. Ta daɗe tana kallon tudun da rumfa ta bi, sannan ta ce, "Husaina, miyar nan, da sauran ta?"

Na kalle ta sama da ƙasa. Na kankaro mata ƙanzo, na zuba mata ragowar miya har da bargo, don ni ba na riƙe mutum a zuci. Amma ludayina, a tsaye na jira har ta gama ta miƙo mini abina.